Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Mai karatu, kwana uku na yi ina kallon wani fim na Amurka mai kashi 10, The People v. O. J. Simpson, wanda ya fito a 2016. Na gama shi da yabo a bakina, da kuma ƙorafi a zuciyata.

Labarin gaskiya ne. Ranar 13 ga Yuni 1994 aka tsinci gawar Nicole Brown da ta Ron Goldman a ƙofar gidanta a Los Angeles, an yi musu kisan wuƙa. Aka tuhumi tsohon mijinta, Simpson, shahararren ɗan ƙwallon nan. Cikin lauyoyin da gwamnati ta ɗora wa gabatar da ƙara, biyu ne a gaba: Marcia Clark da Christopher Darden. To, abin da ya burge ni shi ne fim ɗin bai tsaya a zauren kotu ba, ya shiga da mu har ofis, inda waɗannan biyun ke ja-in-ja.

Saɓani na farko a kan ɗan sanda Mark Fuhrman ne, wanda ya ce ya tsinci safar hannu mai jini a gidan Simpson. Darden, da yake baƙar fata ne, ya gargaɗi Marcia cewa mutumin nan akwai ƙin baƙaƙe a ransa, kada a jingina da shi. Ta toshe kunne. Fuhrman ya rantse a kotu cewa shekara 10 rabonsa da furta kalmar nan ta zagin baƙar fata. Can sai ga kaset, ga muryarsa raɗau yana ta zuba ta. Shaida ya zama kaya.

Na biyu kuwa laifin Darden ne. Marcia ta ce kada a kuskura a ba Simpson safar ya gwada a gaban masu taya alƙali yanke hukunci. Shi ma ya yi kunnen ƙashi. Ranar 15 ga Yuni 1995 Simpson ya tashi yana kokawa da safa a hannu, ta ƙi shiga daidai, duniya na kallo a talbijin. Wallahi har tsaki na ja.

Ka ga ke nan, kowannensu ya yi gaskiya sau ɗaya, ya yi kure sau ɗaya, kuma ranar gaskiyar kowa ita ce ranar da ɗan uwansa ya ƙi saurarensa. Johnnie Cochran, lauyan Simpson, ta wannan tsagar ya shige. Ranar 3 ga Oktoba 1995 aka sallami Simpson. A nan Sarah Paulson da Sterling K. Brown sun yi rawar gani, ba ihu ba hayaniya, kallo kawai ya isa.

Ga ƙorafina. Masu fim ɗin sun yayyafa wa saɓanin nan ƙamshin soyayya: ga rawa a ofis da daddare, ga tsayuwa a ƙofar ɗakin otal ana kallon-kallo, daga baya kuma sai batun safa. Sai ka ɗauka fushin masoya ne ya sa Darden yin gaban kansa. Haba! Ni marubuciyar soyayya ce, na san dabarar nan, da ita muke riƙe mai karatu. Amma ba kowace miya ake sa wa wannan gishirin ba. An kashe mutum biyu. Nicole ta sha kiran 'yan sanda kan dukan da take sha, ta bar 'ya'ya biyu ƙanana, amma muryarta kaɗan muka ji. An ba lauyoyi fili, an bar mamata a soro.

A 1997 wata kotun ta ɗora wa Simpson diyyar dala miliyan 33.5, ya rasu a 2024. Marcia da Darden kowa ya rubuta littafinsa. Iyayen mamatan fa?

'Yan uwana marubuta, in za mu ba da labarin masu neman haƙƙi, kada mu manta da mai haƙƙin.