Hedikwatar Talabijin ta Beijing: Inda Gaskiyar Gini ta Tsaya

Mun saba yi wa littafi sharhi a wannan fili, amma gini ma magana yake yi, kuma yakan faɗi abin da mai shi bai yi niyya ba. Alal misali, hedikwatar gidan talabijin na ƙasar Sin, wato CCTV, a birnin Beijing, wadda Rem Koolhaas ɗan ƙasar Holan da Ole Scheeren suka zana. An fara ginin a 2004, aka kammala a 2012, tsayinsa mita 234.

Dogayen benaye biyu ne da suka karkata ga juna, aka haɗe su a ƙasa, aka kuma haɗe su a sama da wani ɓangare mai reto a iska ba ginshiƙi. Manufar masu zanen ita ce duk aikin talabijin, tun daga tattara labari har watsa shi, ya kewaya a zobe guda. Mutanen gari dai ba su jira bayani ba, suka raɗa masa suna Babban Wando.

Abin da ya burge mu shi ne ragar ƙarfen da ta lulluɓe jikinsa. Inda nauyi ya yi yawa ragar ta cukushe, inda ya yi sauƙi ta yi sako-sako. Mai wucewa a titi yana ganin inda ginin yake jin jiki, ba a ɓoye masa ba. Wannan gaskiya ce da ba kasafai magini ke yarda da ita ba.

To amma a ganinmu a ƙarfen gaskiyar ta tsaya. A daren 9 ga Fabrairu 2009, wasan wuta da ma'aikatan tashar suka shirya ba izini ya kunna gobara a ginin da ke maƙwabtaka, wanda shi ma nasu ne, har ɗan kwana-kwana guda ya rasu. Jama'a sun tsaya a titi suna ɗaukar hoto da wayoyinsu, hukuma kuwa ta umarci kafofin labarai su taƙaita batun. Tashar ta nemi gafara washegari, bayan kowa ya riga ya gani.

Saboda haka ba mu gamsu da masu cewa siffar gini tana iya buɗe hukumar da ke cikinsa ba. Zoben nan da ya haɗa kowane sashe da ɗan'uwansa, shi ne kuma ya sa kowane sashe ƙarƙashin ido ɗaya. Batun bai yi nisa da mu ba: tun 2018 CCTV da Rediyon Sin, mai sashen Hausa, suna ƙarƙashin hukuma guda.