Masu Auna wa Dogayen Benaye Numfashi

A bene mai hawa hamsin ko sittin, yawancin tagogi a liƙe suke, saboda ƙarfin iskar da ke kaɗawa can sama. Ke nan duk iskar da dubban mutanen ciki ke shaƙa, akwai injiniyan da ya auna ta, ya tace ta, ya turo musu. Ba a ganin aikinsa, amma wallahi gwaninta ce.

Ginin kansa ne abokin kokawarsa na farko. Dogon bene tamkar bututun hayaƙi yake: lokacin sanyi, iska mai ɗumi ta ciki takan bi ramin lifta da na matakala ta yi sama, ta janyo mai sanyi ta ƙofofin ƙasa, har ƙofar lifta ta ƙi rufuwa. A Dubai kuwa, inda Burj Khalifa ya kai mita 828, zafin waje kan juya lamarin, sai sanyayyar iskar ciki ta riƙa gangarowa. Gwani shi ne wanda ya rarraba ginin kashi-kashi, ya sa ƙofa mai juyawa a mashiga, ya daidaita matsin iska hawa bayan hawa, don kada hayaƙin girkin hawa na uku ya iske mai barci a na talatin.

Sai lissafin iskar waje. In ya shigo da ita da yawa, kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo. In ya tsuke hannu, numfashin jama'a ya taru, kai ya yi nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya raina ƙaramin abu. A 2003, cutar SARS ta kama mutum fiye da 300 a rukunin benayen Amoy Gardens da ke Hong Kong. Bincike ya gano ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar bututun magudanar banɗaki, wanda shi ke tare iskar najasa, ya bushe a gidaje da yawa. Fankar da ke zuƙe warin banɗaki sai ta janyo ƙwayar cutar daga bututun zuwa cikin gida. Ɗan ruwan da bai wuce cikin moɗa ba!

Mai zaune a bene, ka riƙa zuba wa magudanar banɗakinka ruwa, kuma ka tambayi masu kula da ginin yaushe rabonsu da canja matatar iska.