Bakin Wa Ke Magana a Dandali? Sharhi a kan Wasan Samariya da Shirye-shiryen Yaƙi da Jahilci a Ƙasar Kurfai

Manufar wannan sharhi ita ce duba wata ɗabi'a da masu tsara shirye-shirye suka daɗe a kanta a Jamhuriyar Nijar, wato ɗaukar wasan kwaikwayo tamkar mangala, a zuba masa saƙo a ɗora wa ƴan wasa su kai wa talakawa. Mun zaɓi ƙasar Kurfai, wadda Filinge ce babban garinta, saboda tana bakin iyakar ƙasar Hausa ta yamma, inda Kurfayawa ke zaune gwamutse da Zabarmawa da Buzaye da Fulani a cikin Dallol Boso, kuma Hausarta ta yi nisa da wadda ake rubutawa a littattafai. Har wa yau ƙasa ce mai tsohon tarihin kwaikwayon masu mulki, kamar yadda za mu gani a gaba. Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk wanda zai tsara abin karantawa daga yanzu, tilas ya tambayi kansa wace Hausa zai rubuta, kuma maganar wa zai sa a takarda.

Bari mu fara da shirye-shiryen da suka zo daga sama. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci ta Nijar a 1963. A 1965 ministocin ilmi na duniya suka taru a Tahran ƙarƙashin Hukumar UNESCO, suka amince da a haɗa koyon karatu da sana'ar mai koyo. Shekara guda bayan haka, daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, masana suka zauna a Bamako don daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Buzanci da harshen Mande. Nijar ta karɓi shawarar rubuta dogon wasali da harafi biyu, abin da ya sa jaridun masu koyo suka fito da sunaye irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, alhali kuwa a Nijeriya ba a bi wannan hanya ba. Sai a taron Yamai na Janairun 1980 aka yarda a haɗa ƙa'idojin ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali, sannan a 1999 gwamnati ta sake fitar da dokar rubutu. Ke nan manomin da ya koyi karatu a ajin dare a 1970 ya ga an sauya masa rubutu kafin ɗansa ya yi aure. Wannan bai kai wata matsalar girma ba, wato rashin abin karantawa bayan an gama aji. Abin da aka fi bugawa shi ne bayanin taki da awon hatsi da tsabtar rijiya, kuma mutum ba ya komawa ga irin wannan takarda sau biyu don jin daɗi.

A daidai wannan lokaci ne wasan kwaikwayo ya bunƙasa a ƙasar, amma ta wata ƙofa dabam. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a gundumar Filinge ta wancan zamani, ya raya ƙungiyoyin samariya ya mai da su ginshiƙin tsarinsa na raya ƙasa tare da ƙungiyoyin manoma. Daga 1976, da aka fara a Damagaram, Bikin Matasa na Ƙasa ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ƙungiya sai ta ci a gunduma, ta ci a jiha, kafin ta hau dandalin ƙasa. Ƴan wasan ba ƙwararru ba ne masu albashin wasa. Malaman makaranta ne da teloli da ma'aikatan asibiti da matan aure da ƴan kasuwa. Janet Beik, a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa akasarin wasannin ba a rubuta su, ana dai yarda a kan ƙashin labari, kowane ɗan wasa ya cika maganarsa da bakinsa, ana gyarawa daga gwaji zuwa gwaji. Nazarin nata ya fi karkata ga Damagaram, inda Yazi Dogo da abokansa suka yi suna a rediyo da talabijin. Filinge kuwa a lokacin tana ƙarƙashin jihar Yamai ne, inda Zabarmanci ya fi rinjaye, saboda haka wasan da aka yi da Kurfayanci yana da tsani mai wuyar hawa tun kafin ya isa gaban alƙalan ƙasa.

Ba za a ƙi yaba wa wannan tsari ba. Ya ba da dandali da ƴan kallo, ya sa mata sun fito wasa a garuruwan da a da ba a saba gani ba, ya kuma nuna cewa Hausa ta isa ta ɗauki wasa na sa'a biyu ba tare da ta jingina da Faransanci ba. Aibinsa yana wurin jigo. Gasa ce ta hukuma, alƙalanta na hukuma, kuma kowa ya san irin darasin da ake so a ji: illar auren dole, tsadar aure, cin hanci na ƙananan ma'aikata, shaye-shaye, da kuma ci-rani. Ɗauki ci-rani alal misali, tun da shi ya fi shafar Kurfai. Yadda aka saba gina irin wannan wasa shi ne saurayi ya raina gona, ya tafi birni ko Kurmi, ya sha wuya, ya komo a tsiyace ya nemi gafarar mahaifinsa. To, amma ɗan kallon da ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ya san gidaje nawa ne kuɗin ɗan ci-rani ya riƙe a lokacin da rumbu ya ƙare. Ya san tafiya Kurmi bayan kaka tsohuwar hanya ce ta rufin asiri, ba shashanci ba. Idan an nuna masa ƙarshen da ya saɓa wa abin da ya sani, zai yi tafi saboda ladabi, ya tashi da ra'ayinsa yadda ya zo da shi.

Duk da haka mutane sun cika filayen wasa, kuma dalilin yana tsakiyar wasan ne, ba a ƙarshensa ba. A nan ne ake kwaikwayon gardi da tafiyarsa, da ɗan kwastan mai lalube a cikin kaya, da akawun da ke amsa Hausa da Faransanci don ya nuna ya yi lakwal, da malamin tsibbu mai ƙidayar kuɗi da ido ɗaya. A nan ɗan wasa yake da ƴanci, tun da babu rubutun da wani ya duba, kuma a nan harshe yake da rai. Masu shirya biki sun ɗauki wannan sashe a matsayin zuma da ake shafa wa magani. A ganinmu shi ne ainihin wasan, darasin ƙarshe kuwa harajin da ƙungiya ke biya ne don a bar ta ta hau dandali.

Wannan ya kai mu ga abin da ya faru a ƙasar Kurfai tun kafin a haifi samariyar hukuma. Wajen 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a kan wata mata mai suna Shibo, daga nan suka bazu cikin matasa. Zabarmawa da Turawa sun fi saninsu da Hauka, a ƙasar Hausa kuma ana ce musu Babule. Iskokin nan Turawa ne da sojoji: akwai Gwamna, akwai Janar, akwai Kafaran Gardi, akwai likita. Wanda suka hau yakan yi fareti, ya sara, ya ba da umurni da gurɓataccen Faransanci, ya taɓa wuta ba ta ƙone shi ba. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a maƙalarsa ta 1975, ya danganta lamarin da ƙin jinin sarautar Gado Namalaya, wanda Faransawa suka ɗaure wa gindi a Kurfai. Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Croccichia, ya sa aka kama mabiyan aka tsare su, kuma sakamakon da ya samu shi ne ya zama ɗaya daga cikin iskokin, wanda ake kira Kwamanda Mugu. Ƴan ci-rani ne suka kai Babule Kurmi, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a gefen Akra a 1954. Hukumar Ingila ta hana nuna fim ɗin a can, ya ci kyauta a Benis a 1957, kuma an sha faɗin tasirinsa a kan marubucin wasan Faransa Jean Genet da mai shirya wasa Peter Brook. Abin lura ne cewa manyan gidajen wasa na Turai sun amfana da abin da ya tsiro a Shikal, amma littattafan ajin dare na Filinge ba su san da shi ba.

A nan sai a yi hattara. Bori ba wasan kwaikwayo ba ne. Ɗan wasa ya san yana wasa, dokin bori kuwa yana cewa ba shi ne ke magana ba, kuma mutanensa sun yarda da haka. Wanda ya kira Babule "teyatur" ya rage musu daraja a wurin masu su, ya kuma jawo wa ƴan wasa fushin malamai a banza. Abin da muke ɗauka daga tarihin ya fi wannan ƙanƙanta: mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin cewa wanda ya iya kwaikwayon tafiyar mai mulki da muryarsa ya gane shi sarai, kuma mai mulkin ma ya san haka, shi ya sa Croccichia bai yi dariya ba. Irin wannan fahimta tana nan a sauran ƙasar Hausa cikin wasan gauta na matan fada da wasan kara na Damagaram da tashen azumi, waɗanda Chaibou Dan Inna ya yi nazarinsu. A duk cikinsu kwaikwayo daga ƙasa yake duban sama. Shirin hukuma ya juya akalar, ya sa talaka yana kwaikwayon talaka don a nuna masa kuskurensa. Malaman wasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin Michael Etherton, sun yi karo da wannan matsala a ƙauyukan kewayen Zariya a ƙarshen shekarun 1970, har suka koma barin manoma su gina labarin da kansu, su kuma tsai da wasa a tsakiya a yi gardama a kan yadda zai ƙare.

Bayan rasuwar Kountché a Nuwamban 1987 da zuwan jam'iyyu a farkon shekarun 1990, samariyar hukuma ta watse. Ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje suka gaji ƴan wasan, aka koma yin wasa a kan allurar rigakafi da cutar sida da sa ƴan mata lakwal. Mai biyan kuɗi ya sauya, ginin wasan bai sauya ba, sai ma ya ƙara ƙunci, domin mai ba da kuɗi yakan zo da jerin saƙonnin da yake so a faɗa, wani lokaci an fassaro su daga Faransanci kalma bayan kalma. Daɗin daɗawa, rashin tsaro da ya addabi arewacin jihar Tilaberi a ƴan shekarun nan, wanda harin Cinagodar na 9 ga Janairu 2020 ya zama babbar alamarsa, ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar, ya kuma sa taron dare a fili ya zama abin shakka a wurare da yawa. Mutanen da suka yi wasa a bukukuwan 1976 zuwa 1987 yanzu dattawa ne, kuma da yake ba a rubuta wasanninsu ba, abin da ya rage yana cikin kawunansu da kuma kaset-kaset na gidan rediyo da talabijin na ƙasa.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, a nan ne aikin yake. Waɗannan wasanni su ne abin karantawar da aka rasa tun 1963: magana ce ta mutanen wurin, mai ban dariya, wadda za a iya karantawa a rukuni, kowa ya ɗauki bakin mutum guda. Cibiyar CELHTO da Cibiyar IRSH a Yamai sun daɗe da ƙwarewa wajen naɗar maganar baka da juyar da ita a takarda, sai dai sun fi mai da hankali ga tarihin sarauta da bakin maroƙa. Wuyar aikin tana wurin juyawa. Jibo Garba Malka ya bayyana bambancin furucin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya ta Kano tun 1978, amma har yanzu al'adar masu gyaran rubutu ita ce su goge bambancin. Idan dattijo a cikin wasa ya ce "wagga gona tawa ta", mai gyara yakan mai da ita "wannan gona tawa ce". "Sunka tahi" ta koma "suka tafi", "shina zuwa" ta koma "yana zuwa", "gidanai" ta koma "gidansa", "hwari" ta koma "fari". A littafin lissafi babu asarar da aka yi. A wasa kuwa an kashe mutum, domin sau da yawa abin dariyar shi ne ɗan ci-rani ya komo da Hausar Kano ko ta zango a bakinsa yana yi wa ubansa magana, uban yana amsa masa da Kurfayanci tsantsa. In aka daidaita bakunan biyu, mai karatu ba zai ga inda rigimar take ba. Ƙa'idar 1999 tana da haruffan da za su ɗauki duk waɗannan siffofi ba tare da an ƙirƙiro sabon harafi ko ɗaya ba. Abin da ake bukata shi ne a rubuta bayanin dandali da gabatarwa da daidaitacciyar Hausa, a bar maganar kowane ɗan wasa yadda ta fito daga bakinsa, har da Zabarmancin da yakan faɗo a fagen kasuwa da Faransancin akawu, a sa ma'anarsu a ƙasan shafi.