A Buɗe Dosiye ko a Rufe? Sharhi kan Ganawar Shiga Makarantar Farmasi a Amurka

Ƴan uwa ɗalibai, wata magana ce ta tsaya mini a rai tun lokacin hutu, na ce bari in kawo ta nan mu tauna ta tare. Ɗiyar ƙanen babana tana zaune Amurka, kuma bana ta nemi shiga makarantar farmasi. Makarantu biyu sunka kira ta ganawa. A ta farko, malamin yana riƙe da dosiyenta gaba ɗaya. Kafin ta gyara zama ya ce mata: "Na ga shimi ta kayar da ke a shekara ta biyu. Mi ya faru?" A ta biyu kuwa, masu ganawar ba su san komi a kanta ba sai sunanta. Sunka ce ta gaya musu ko ita wace ce. Da ta aiko mini saƙon murya ta WhatsApp tana tambaya wace ta fi adalci, na ce ta biyu mana, ban ko yi tunani ba. Yanzu da na zauna na auna, na ga na yi gaggawa.

Bari mu fara da yadda abin yake can. A yawancin makarantun Amurka karatun farmasi shekara 4 ne, bayan ɗalibi ya yi aƙalla shekara 2 a jami'a yana share fage da shimi, biyoloji da lissafi. Takardun nema ana tura su ta dandali guda mai suna PharmCAS: maki, wasiƙun shaida daga malamai, da rubutun da ɗalibi ya yi kan dalilinsa na son aikin. Da akwai jarrabawar shiga mai suna PCAT, amma an daina ta a 2024. Ita kuwa ganawa tilas ce, don hukumar ACPE mai tantance makarantun ta wajabta ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Takarda tana nuna wanda ya iya lissafin awon magani. Ba ta nuna wanda zai yi haƙuri da tsohuwar da ba ta gane bayani ba sai an maimaita sau uku, ko wanda zai iya cewa a'a idan anka zo neman tramol ba takardar likita. Mu da muke ganin ana tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana, mun san darajar wannan a'a ɗin.

To, in dai hali ake nema a ganawa, mi ya kawo maki cikin ɗakin? Nan ne babban laifin buɗaɗɗen dosiye. Tun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Thorndike, ya duba yadda hafsoshin soja ke auna waɗanda ke ƙarƙashinsu. Ya tarar in sun yaba mutum a abu guda, sai yabon ya malale zuwa sauran: mai kyan jiki ya zama mai hankali, ya zama mai amana. Haka malamin da ya ga maki mai kyau tun kafin ka shigo. In ka yi shiru sai ya ce natsuwa ce. Wanda makinsa ya yi ƙasa, shirun nan dai sunansa rashin sani. Ƙarshenta maki ya ci sau biyu, sau ɗaya a takarda, sau ɗaya a fuskar mai ganawa, alhali an kira ganawar ne don ta ga abin da takarda ba ta gani.

Rufaffen dosiye ya toshe wannan ƙofa, kuma mu ba baƙon abu ba ne gare mu. A jarrabawar bak, mai gyaran takarda lamba yake gani, ba ya ganin suna, kuma duk mun yarda haka ya fi. Wanda ya shiga ɗaki ba a san shi ba, ya shiga da farin allo.

Amma kar mu ruɗi kanmu. A ƙasashen Turawa, ƙungiyoyin makaɗa da dama suna sa labule tsakanin alƙalai da mai neman aiki, kunne kaɗai ke yanke hukunci. Wannan ya yiwu don kiɗan ne ake aunawa. A ganawa ba labulen da za a sa. An rufe dosiye, fuska tana nan, launin fata yana nan, lulluɓi yana nan, karin harshen wanda ya koyi Ingilishi da girma yana nan. An ɓoye abin da yarinya ta yi shekaru tana wahala a kansa, an bar abin da ba ita ta zaɓa ba. Ga kuma ribar mai zaƙin baki. Wanda ya taso gidan da ake sa yaro ya yabi kansa gaban manya zai cika minti talatin da labari. Mu da anka tarbiyyantar da sunkuyar da kai, a ce "gaya mana ko kai wane ne", sai harshe ya yi nauyi.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ƴar uwata ta faɗa daga baya. Shekarar da shimi ta kayar da ita, mahaifiyarta ce ke kwance asibiti, ita ke jinya da dare, da safe ta tafi aji. A makarantar farko, tambayar da ta ji kamar mari ita ta ba ta damar faɗin haka, malamin ya rubuta. A ta biyu an yi hira mai daɗi, an yi dariya, ba wanda ya tambaya, ita ma kunya ta hana ta tayar da zancen. Amma rufe dosiye a ɗakin ganawa ba ƙone shi ba ne. Kwamitin da ke yanke hukunci zai buɗe shi daga baya, ya ga makin nan tsirara, ba mai yi mishi bayani. Ke nan tsarin da na kira mai adalci shi ya bar ta ba mai kare ta.

Akwai waɗanda sunka nemi hanya ta uku. A 2002 jami'ar McMaster ta Kanada ta fara gwada gajerun ganawa a jere ga masu neman likitanci: ɗaki wajen goma, kowane kimanin minti 8, kowane da alƙalinsa da matsalarsa. Makarantun farmasi da dama sun ɗauki tsarin. Hikimarsa ita ce in alƙali guda bai so fuskarka ba, sauran suna nan. Wasu makarantu kuma suna ba mai ganawa rubutun ɗalibi, su riƙe makin.

Ni dai ga inda na tsaya. A ɓoye wa mai ganawa maki, wannan ban ja ba. Amma a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, alƙali ya wuce guda, kuma cikin tambayoyin a sa wannan ga kowa da kowa: "Akwai abin da ke cikin dosiyenka da kake son kwamiti ya ji bayaninsa?" In babu waɗannan, buɗewa da rufewa duk sauya wa son rai wurin zama ne kawai.

Wani zai ce ina ruwanmu da Amurka. Da yawa cikinmu za su zauna gaban kwamiti, na burs ko na konkur ko na aiki, a Yamai ko a waje. Ka tambaya tun da wuri ko masu ganawar sun karanta dosiyenka. In sun karanta, ka shirya bayanin raunin da ke ciki, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. In ba su karanta ba, kar ka jira a tambaye ka, ka kawo shi da bakinka. Wata rana kuma wasunmu ne za su zauna ɗaya gefen teburin, a ƙasar da sunan uba kaɗai ya isa dosiye. Ranar nan sai mu tuna da wannan muhawara.

Ƴar uwata har yanzu tana jiran amsar makarantun biyu. Na ce ta rubuta wa ta biyun wasiƙa, ta faɗi zancen jinyar.