Muryar Di'Ja a Ma'aunin Sama'i: Nazari kan Waƙar R&B da Hausar Cikinta

Duk malamin da ke karantar da matasa a unguwa irin Arkilla ta birnin Sakkwato ya san cewa ɗalibin da ya haddace babin da Ibn Abi Zaid ya hana sauraren kayan kiɗa a cikin Risala, shi ne kuma yake komawa gida da waƙoƙin Legas cike da wayarsa. Hukuncin yana nan, sauraren ma yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nazarin waƙoƙin su kansu, alhali malaman usulu sun kafa cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa.

Hadiza Blell, wadda aka fi sani da Di'Ja, misali ce da ta dace da irin wannan nazari. Mahaifinta ɗan Saliyo ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Arewacin Nijeriya. Ta fara waƙa a Kanada, sannan a watan Fabrairun 2014 ta shiga kamfanin Mavin na Don Jazzy, ta fito da waƙar "Yaro". A shekarar ce aka ji muryarta a "Dorobucci" tare da sauran mawaƙan kamfanin, ta kuma saki "Awww". Ƙaramin kundinta, Aphrodija, ya fito a 2017.

Salon da ta taso a kansa, wato R&B, na baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma mujallar Billboard ce ta yaɗa sunan a 1949. Alamarsa ita ce jan murya da lanƙwasa ta a kan gaɓa guda. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya danganta wannan lanƙwasa a kiɗan blues da yankin Sudan ta Tsakiya, inda rerawar Larabawa da Musulmi ta yi tasiri, har ya kawo kiɗan gogen Hausa cikin hujjojinsa. In ra'ayin nasa ya tabbata, to kunnen Basakkwace ba baƙon wannan murya ba ne, wataƙila ma shi ya sa take saurin shiga zuciya. A nan Di'Ja take da ƙarfi: muryarta siririya ce, ba ta ihu, ta kuma san inda ake sassautawa.

Rauninta yana wajen harshe. Hausar da take sakawa cikin Turanci ado ce kawai, kamar zanen lalle a bayan hannu. Tunanin waƙar ba da Hausa aka yi shi ba. Sunan "Yaro" kansa shaida ne. A bakin Bahaushe, yaro shi ne ƙarami, ko bara, ko wanda hankalinsa bai gama nuna ba, kuma budurwa ba ta kiran masoyinta da shi sai da gatse. Kalmar Turanci ce aka sa wa rigar Hausa. Wanda ya saba da waƙoƙin Nana Asma'u, inda kowace kalma ke ɗauke da nauyin mas'ala, zai ji wannan sauƙin nan take. Ba a neman mawaƙiyar soyayya ta zama mai wa'azi, amma ana iya neman ta bai wa harshen mahaifiyarta haƙƙinsa. Ita kuwa "Dorobucci", ta taron mawaƙa ce, jigonta fahariya da wadata, kuma muryar Hadiza ta ɓace a cikin hayaniyarta.

Ta fuskar shari'a, saɓanin tsoho ne. Masu haramtawa sun dogara da hadisin ma'azif da Bukhari ya kawo, Ibn Hazm ya soki isnadinsa, jumhur kuma suka mayar masa da martani. Imam Ghazali, a babin sama'i na Ihya, ya karkasa lamarin: a duba mai rerawa, da kayan kiɗan, da lafazin, da halin mai sauraro. A Sakkwato ma maganar ba ta tsaya wuri guda ba, domin Shehu Usmanu (Allah Ya ƙara masa yarda) ya tsananta a kan kiɗa a wasu rubuce-rubucensa, ya sassauta a Najmul Ikhwan, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya riƙe ɓangaren tsanani.

Idan aka ɗora waƙoƙin Di'Ja a kan ma'aunin Ghazali, wanda ake kirgawa cikin masu sassauci, ba za su tsallake ba: mace ce ke rera begen masoyi ga matasan da sha'awa ta rinjaya, shi kuwa ya ambaci wannan hali cikin abubuwan da ke mayar da sama'i haram. Ga kuma abin da bai riska ba, wato bidiyo, inda ido ke riga kunne. Malamin da ya bi da ɗalibinsa ta waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa har da gurguwar Hausar, ya ba shi abin da zai auna waƙar Hamisu Breaker ko ta Namenj da shi, waɗanda Hausarsu ta fi tata nuna, tasirinsu a Arkilla kuma ya fi nata nesa ba kusa ba.