Jinjina ga Makanikan Fowil

Makaniken da ke dasa wa mota giyar fowil ya cancanci a kira shi gwani, domin aikin nasa lissafi ne tun kafin ya ɗauki sufana. Akwatin da ke bayan giyabos shi ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya kuma ba da ƙaramar giyar hawan tudu da ratsa yashi. A tsofaffin Toyota Hilux, sandar da ke shiga wannan akwati wata tana da haƙora 21, wata 23. Maigidan gareji sai ya ƙirga su da farce, ya auna farantin haɗi, ya rage ko ya ƙara tsawon furofela, ya tabbatar aksul na gaba da na baya gudunsu ɗaya ne, in ba haka ba su yi ta ja-in-ja har haƙora su kakkarye.

Wasu na cewa taɓa ƙirar kamfani kasada ce. Da gaskiyarsu idan aikin ya faɗa hannun ɗan koyo mai gaggawa, don walda ta karkace kan sa mota rawa. Amma wannan hujja ce ta neman ƙwararre. Direban da ke ratsa rairayin Agadas, wanda sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihunsa, da aikin waɗannan bayin Allah yake isa gida. A biya su haƙƙinsu cikakke.