Jinjina ga Masu Ƙera Ƙananan Wasannin Waya

A tashar Gummi, ko gaban mai shayi a Anka, za ka ga ɗan kabu-kabu ya jingina da babur yana jiran fasinja, babban yatsansa na ta danna wani ɗan wasa a waya. Minti biyu ne, ya ɗan huta, fasinja na zuwa sai ya tura wayar cikin aljihu. Waɗanda suka ƙera masa wannan ɗan wasa sun cancanci yabo.

Sauƙin da muke gani, wahala ce ta haife shi. Taneli Armanto, ɗan ƙasar Finland, shi ya tsara wasan maciji na Nokia a 1997, a waya mai ƙaramin allo da ƴar ƙwaƙwalwa. Dole ya auna saurin macijin: in ya yi yawa a fusata, in ya yi kaɗan a gundura. Haka ma'aikatan Google suka yi a 2014, da suka saka wasan wata dabbar zamanin da a cikin manhajar Chrome, tana tsallake ƙayoyi duk lokacin da intanet ta ɗauke. Wanda ya zauna a Bukkuyum a watan Satumban 2021, sa'ad da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, ya san darajar abin da ke aiki babu sabis.

Ba rajista, ba cin data, ba kuɗin caca. Kamar dara a gindin bishiya, kowa na iya zama ya taɓa.

Ku da kuka yi haƙurin wannan aiki, ba ku san mu ba, amma kun kyauta mana.